Gurbin Mai Katifa

Duk wanda ya san Baba Mai Katifa ya san ba ya yarda da bakin mutum. Shekara arba'in da ɗaya yana ɗinka katifar auduga a shago ɗaya, a layin bayan tasha, tsakanin mai walda da mai gyaran fanka, kuma a tsawon shekarun nan bai taɓa tambayar mai kawo gyara yadda yake barci ba. Ya tambaya a ce masa me? Sai dai ya sa a shimfiɗa masa tsohuwar katifar a ƙasa, ya durƙusa, ya bi ta da tafin hannu daga kai har ƙafa, sannan ya ɗago ya faɗa wa mutum sirrin ɗakinsa.

"Ta dama kake kwana, kuma kafaɗarka tana ciwo," in ji shi. Wani kuma ya ce masa, "Ku biyu ne a kan katifar nan, amma kowa ya kama gefensa, tsakiya ko taɓa ta ba a yi ba. Ku je ku shirya tukuna." An sha fita daga shagon nan a fusace. Ana kuma dawowa, domin katifarsa ba ta dunƙulewa, kuma abin da ya faɗa gaskiya ne. Gurbin da jiki ya bari a auduga, shi kaɗai Baba ya ɗauka shaida.

Aikin kuwa ba na rago ba ne. A farke tsohon yadi, a zazzage audugar da ta daskare, a yi ta bugu da sanduna biyu har ta tashi ta yi laushi, sannan a cusa, a daidaita, a bi da basilla da zare mai kauri. In yana bugu, shagon yakan yi fari fat, har ba ka ganin ƙofa sosai. Matarsa ta yi mita har ta gaji, ta ɗinka masa ƙyallen rufe hanci ya fi sau ashirin, shi kuwa sai ya share gumi da shi ya cusa a aljihu. Da katifar soso ta cika kasuwa abokan sana'arsa suka watse ɗaya bayan ɗaya, shi ko gezau. Cewa yake soso na wanke kwano ne.

Tari ya fara masa da safe-safe, sannan ya zama na kullum. Bayan tari sai haki. Shekara huɗu da suka wuce matarsa ta rasu, aka bar shi shi kaɗai a ɗakin da ke bayan shagon, sai Auta, ƙaramar 'yarsa, malamar makaranta, da ke leƙo shi sau biyu a mako. Ita ce ta ja shi asibiti da ƙyar. Likita ya duba hoton ƙirji, ya ce auduga ta yi wa huhun illar da ba ta warkewa, sai dai a lallaɓa. Ya ƙara da wata magana da Baba bai taɓa yafe masa ba: ranar da abin ya tsananta, dole a raba shi da auduga. Shagon kuwa haya ne. Ranar da ya daina aiki, ranar mabuɗi zai koma hannun mai gida, kuma Baba ya san wanda ke jira.

Tun daga nan yake zuwa asibiti duk wata uku. Ɗakin masu ciwon huhu a bene yake, kuma wanda ya tsara haka Allah ya shirye shi. Matakala ashirin da biyu ce, Baba ya ƙirga. Saboda haka yakan zo da awa guda kafin lokaci, ya hau goma sha ɗaya, ya tsaya a kwana yana duban hoton yadda ake wanke hannu da ke manne a bango, kamar bai taɓa ganin sabulu ba. In numfashi ya dawo ya ƙarasa, ya zauna a benci har ƙirjin ya lafa. Lokacin da za a kira shi, sai ka gan shi ya shiga garau, hula a daidai.

Gwajin da suke yi bai dame shi ba. A maƙala masa wani abu a yatsa ya nuna lamba, a ba shi bututu ya hura har idonsa ya yi ja. Wannan ya gane, na'ura ce ke taɓa jiki ta faɗi abin da ta ji, kamar yadda shi ma yake yi. Abin da ya tayar masa da hankali shi ne ranar da wata sabuwar nas ta zaunar da shi, ta zaro takarda mai shafi uku, ta cire murfin biro.

"Baba, yau akwai 'yan tambayoyi. Muna so mu auna yadda ciwon nan yake taɓa rayuwarka."

"Ku auna rayuwata?" ya ce. "Da sikeli ko da tef?"

Ta yi dariya. Yarinya ce mai fara'a, kuma wannan ma bai yi masa ba. Ta ce bututu yana faɗin ƙarfin huhu ne kawai, ba ya faɗin ko mutum yana iya wanka da kansa, ko yana barci, ko ya daina zuwa wajen abokai. Mutum biyu za su hura iri ɗaya, ɗaya yana harkokinsa, ɗaya ya kasa sa takalmi. Shi ya sa ake tambaya. Kowace tambaya tana da akwati biyar, daga "ko kaɗan" zuwa "ƙwarai da gaske", a ƙarshe a haɗa maki bisa ɗari. Yau za ta karanta masa ne kawai ya ji yadda suke, zuwa na gaba sai su cike.

Baba ya saurara da kunnen mai neman ɓarawo. Hawa bene, wanka, ɗaukar kaya, barci. Sai ga tambaya ta goma sha ɗaya: shin aikinka yana ƙara maka wahalar numfashi? To fa! Nan ya sha jinin jikinsa. Ashe duk sauran ado ne, wannan ce aka zo da ita. Daga ranar ya sa mata suna Mai Takarda, kuma ba don ƙauna ba.

Da ya fito, me zai gani? Auta, wadda ta ce za ta jira shi a ƙasa, tana tsaye a baranda. Mai Takarda ta biyo shi da katin magani, ta ga Auta, suka gaisa kamar tsofaffin ƙawaye. Har ya ji nas ɗin ta ce, "Zan kira ki." Ke nan tana da lambarta. Yaushe aka yi haka, a gaban wa? A cikin mota Auta ta tambaye shi yadda aka yi, ya ce mata ai ita ta fi shi sani. Ta dube shi, ta kawar da kai, ta ci gaba da kallon titi.

A makon nan ne kuma ya kama Mai Walda. Maƙwabcinsa ne na shekara goma sha biyar, ƙato mai yawan gaisuwa, wanda shagonsa ya yi masa kaɗan har ƙofofin ƙarfe suna tare hanya. Baba ya fito da hantsi ya same shi tsaye a gaban shagon katifa, tef a hannu, yana duban bangon da ya raba su.

"Me kake aunawa?"

"A'a Baba, rumfa nake so in ja. Ya jiki?"

"Jikin wa?"

Mai Walda ya naɗe tef ɗinsa yana 'yar dariya. Da rana sai ga shi da shayi a kofi, wai yana da kyau ga ƙirji. Shekara goma sha biyar ko ruwan sanyi bai taɓa miƙo masa ba, yau shi ne har da shayi! Baba ya karɓa ya yi godiya, yana juya baya ya tuttular a kwata.

Yanzu komai ya haɗu a kansa, kuma ba za ka ce bai iya lissafi ba. Auta tana so ta ɗauke shi zuwa gidanta, ta faɗa ya fi sau goma. Mai Walda yana son shago. Likita yana jiran hujja. Hujjar kuwa ba bututu zai bayar ba, domin lambar bututu ta daɗe ba ta sauya sosai ba. Bakinsa suke so ya bayar, ya ce da kansa ya gaza, a rubuta, a sa hannu. Haushi ya cika shi, tsoro kuma ya fi haushin yawa. Ba mutuwa yake tsoro ba. Tsoronsa ya tashi da safe ba shi da ƙofar da zai buɗe.

Wata uku ya yi yana shiri. Ranar ta zo, ya iso awa guda da rabi kafin lokaci, ya gaida hoton sabulu, ya huta sosai. Auta ta so ta shiga tare da shi, ya ce ba ɗan yaye ba ne.

"Baba, a cikin makonni huɗun da suka wuce, haki ya hana ka zuwa kasuwa?" in ji Mai Takarda.

"Ko kaɗan."

Bai yi ƙarya ba. Rabonsa da kasuwa shekara biyu, dillali ke kawo masa auduga har ƙofa. Abin da ba ka tashi yi ba, ta yaya za a hana ka?

"Ziyarar abokai fa?"

"Ko kaɗan." Waɗanda ba su mutu ba suna nesa, ya daɗe da cire su daga lissafi.

"Wanka da sa tufafi?"

"Da kaina nake yi." Bai ga dalilin da zai sa ya gaya wa sa'ar 'yar cikinsa cewa a kan kujera yake wanka ba, ko cewa yakan huta tsakanin hannun riga da ɗaya hannun. Takalmi mai igiya kuwa ya ba mai gyaran fanka tuntuni.

Haka suka yi ta tafiya. Yana jin daɗin kansa, don ya ga takardar ba ta da wayo: tana tambayar abin da ke ba ka wuya, ba ta tambayar abin da ka riga ka bari. Da suka zo ta goma sha ɗaya ya ce aiki ma shi ne maganinsa. Sai ta goma sha huɗu.

"Kana iya barci a kwance, ko sai ka tashi zaune saboda numfashi?"

Nan babu hanyar kaucewa. Ya dubi biron, ya dubi taga.

"A kwance. Ni da nake ɗinka katifa?"

Mai Takarda ta haɗa makin, ta sake haɗawa. Ta ajiye biro ta dube shi, kuma wannan karon babu fara'a.

"Casa'in da ɗaya. Baba, ko ni ban kai haka ba."

"Allah ya ba ki lafiya."

"Abin da ka faɗa shi zan rubuta, takardarka ce. Amma bari in gaya maka. An ba mu na'urar iska guda shida, irin wadda ake kai wa mutum gida ya sa a hanci. Lambar yatsanka tana kan iyaka, likita bai yanke ba. In lamba tana kan iyaka, takardar nan yake dubawa. Da wannan makin zai ce ba ka buƙata, a ba wani."

Baba ya yi murmushi a cikinsa. Ga tarkon ya fito fili. A nuna maka na'ura, ka miƙa hannu, a zare mabuɗi daga aljihunka. Ya ce a ba mabuƙata, Allah ya ba su sauƙi. Ta ce takardar za ta zauna a wajenta har ranar Litinin kafin ta kai wa likita, ko da zai tuna wani abu. Ya ce ba ya mantuwa. Ya sauko matakala ashirin da biyu yana ji kamar ya ci gasa, ko da yake sai da ya zauna a ta ƙarshe.

Ranar Asabar Auta ta zo da wuri, fuskarta a haɗe. Ya san an kira ta. Ta share ɗaki, ta wanke kwanuka, ba ta ce masa uffan ba a kan asibiti. Shi yana shago yana ɗinke bakin wani matashin kai, yana jiran faɗa, har ya tanadi amsoshi. Faɗa bai zo ba. Sai ya ji ana jan wani abu mai nauyi a ƙasa. Kafin ya ajiye basilla, ga Auta ta turo ƙofar da ke tsakanin ɗaki da shago da baya, tana janye da katifarsa.

"Ke! Wa ya ce ki taɓa?"

Katifar nan shi ya ɗinka ta da hannunsa shekarar da aka haifi Auta. Tun rasuwar matarsa bai bari an juya ta ba, bai bari an buga ta ba, shanya ma sai dai a buɗe taga. Auta ta san haka sarai. Ta shimfiɗa ta a tsakiyar shago, daidai inda masu kawo gyara ke shimfiɗa nasu, ta yaye zanin gado, ta durƙusa. A shagon nan ta yi rarrafe, a nan ta yi aikin makaranta a kan buhun auduga. Ta ga hannun ubanta yana wannan aiki sau dubu. Ta ɗora tafinta daga kai, ta hagu, ta fara bi a hankali.

"Mace ce ke kwana a nan," ta ce, da irin muryar da yake yi wa mutane. "Gajera. Ta hagu take kwana, tana naɗe ƙafa. Gurbinta yana nan, ba a taɓa shi ba."

Baba ya buɗe baki, tari ya riga shi. Ta jira ya gama. Sannan ta matsa dama, ta bi da hannu daga kai har ƙafa, ta sake dawowa.

"Nan kuma ba kowa. Da akwai, ga alamar kafaɗa nan ta kusa shafewa. Audugar ta taso. Wanda ke nan ya fi shekara biyu bai kwanta ba."

"Auta."

Hannunta ya koma can ƙarshen katifar, wajen kai, inda ke haɗuwa da bango. Nan audugar ta lotsa ta yi tauri, rami zagayayye mai zurfi, yadin har ya yi sheƙi.

"Ga inda yake. A zaune yake kwana, bayansa a bango. Na ga inda ƙeyarsa ta yi baƙi a jikin fenti." Ta ɗago, idonta ya cika. "Baba, Mama shekararta huɗu a ƙasa, gurbinta yana nan. Kai kana raye, naka babu."

Kunya ta kama Baba, irin wadda bai taɓa ji ba, don da hannunsa aka kama shi. Da kunya ta yi masa yawa sai ta koma faɗa.

"Kun haɗa baki! Ke da Mai Takarda da wancan ƙaton. Kin ɗauka ban sani ba? Na ga tef, na ga shayi, na ji ana zan kira ki!"

Ya zaci za ta rantse. Ya so ta rantse, don ya san yadda ake yi da mai rantsuwa. Auta ta share ido da gefen mayafi ta zauna a kan dugaduganta.

"Haka ne," ta ce. "Ina magana da nas ɗin, ni na ba ta lambata. Ba ta gaya mini amsoshinka ba, cewa kawai ta yi makinka ya fi nata, na san sauran. Mai Walda yana son shagon, ya faɗa mini baki da baki, ya kuma gaya wa mai gida. In ka faɗi gaskiya likita zai hana ka auduga. Ni kuma ina so in ɗauke ka, ɗaki yana nan na gyara tun bara. Duk abin da kake zargi gaskiya ne, Baba, babu ko ɗaya da ka kuskure."

Wannan ne ya kashe masa jiki. Wata uku yana wasa wuƙa, aka zo aka ce masa e.

"To me ya rage mini?" ya ce, muryarsa ta yi ƙasa.

"Ban sani ba. Ni dai ina so ka kwanta."

Ta tashi ta mayar da zanin gadon, ta ja katifar zuwa ɗaki ita kaɗai. Bai taya ta ba, bai kuma hana ta ba. Da ta tafi ya ɗauki matashin da yake ɗinki, ya ga ya yi ɗinkin a karkace, abin da rabonsa da yi tun yana koyo. Ya farke ya sake.

Ranar Litinin bai zo da wuri ba. Ya hau matakala ashirin da biyu bai kula hoton sabulu ba, ya faɗa ɗakin Mai Takarda yana haki, leɓɓansa sun yi duhu, hular a karkace. Ta zabura za ta kira likita, ya ɗaga mata hannu. Sai da aka ɗauki lokaci kafin magana ta fito.

"Ɗauko sabuwa," ya ce. "Waccan ta wani ce."

Ta ɗauko. Wannan karon ya fi ta tsanani. In ta karanta tambaya ya amsa, sai ya ƙara da abin da takardar ba ta da hankalin tambaya. Kasuwa? Ya bari. Abokai? Ya bari. Wanka a kan kujera yake yi, minti arba'in. Ya ce mata duk wanda ya tsara takardar nan bai taɓa ciwo ba, domin mai ciwo ba ya jira a hana shi abu, da kansa yake ajiyewa tun kafin a gani, sannan ya ce lafiya lau. Ta ce zai yi kyau ta riƙa tambayar mutane abin da suka daina, ta rubuta hakan a bayan hannunta. Bai yarda za ta yi ba, amma ya ga ta rubuta.

Sai ta karanta ta goma sha ɗaya. Ta jira, biro a sama.

"Ƙwarai da gaske," ya ce.

Maki talatin da huɗu. A ƙasan shafi na uku akwai wani layi da babu akwati, ta karanta masa: ko akwai wani abu da ciwon nan ya taɓa a rayuwarka wanda ba mu tambaya ba?

"Wannan maki nawa ne?"

"Ba shi da maki, Baba. Rubutawa kawai ake yi."

"Na san za a yi haka. To rubuta: shago."

Ta rubuta. Ya sa ta juyo da takardar ya gani da idonsa.

Sauran ya tafi yadda ya hango, ko tsallake ɗaya ba a yi ba. Likita ya sa hannu a kan na'ura, ya sauya masa maganin shaƙa, ya hana auduga har abada. Ƙarshen wata Baba ya kai wa mai gida mabuɗi da kansa, ya ƙi a aika. Ko mako ba a yi ba Mai Walda ya fasa bangon. Ranar tashi shi ne ya kawo mota, shi ne ya kama katifa, har da ƙwalla, kuma wataƙila ƙwallar gaskiya ce. Baba dai ya tsaya a kansu ya ce a ɗauke ta a shimfiɗe, wanda ya kuskura ya naɗe ta zai ga abin da bai taɓa gani ba. Sandunan bugu biyu da basilla ya sa a jakarsa, sauran ya bar wa dillali.

Ɗakin gidan Auta yana da taga babba da ke kallon bangon maƙwabta. Na'urar tana gefen gado tana gurnani, siririn bututu ya taso daga jikinta zuwa hancinsa. Tarin safe ya ragu. Da matashi biyu ya fara kishingiɗa, daga baya ya koma kwanciya ta gefe. Da aka sake cike takarda bayan wata uku ya sami hamsin da takwas, Mai Takarda ta yi murna har da tafi, Auta ta kira 'yan'uwanta a waya ta gaya musu. Baba ya ce a nuna masa yadda aka haɗa makin, ya bi da yatsa layi-layi, bai sami kuskure ba.

Wata ranar Asabar da hantsi yana zaune a kujera bakin taga, Auta ta shigo sauya zanin gado. Ta gefen ido yake kallonta. Ya ga ta yaye zanin, ya ga tafinta ya sauka a ɓangaren dama ya ɗan daɗe.

"Me kike lalube?"

"Ba komai, Baba. Zani nake gyarawa."

Ta fita da tsohon zanin tana murmushi, ta ce bari ta ɗauko wankakke daga igiya. Bai yarda da ba komai ɗin nan ba. Ya miƙe, ya ja bututunsa, ya dafa bakin gado ya durƙusa da ƙyar. Rabon da ya taɓa katifa da niyyar aiki tun ranar da ya rufe shago. Ya fara ta hagu, gurbin matarsa yana nan yadda yake. Sannan ya matsa dama.

Akwai gurbi. Ga kafaɗa, ga ƙugu, ya ɗan karkata wajen nata. Abin da Auta ta ji ke nan ta yi murmushi, kuma ba ta yi kuskure ba. Amma ita a gefe ta koya, shi shekara arba'in da ɗaya ya yi. Ya danna yatsu ya ji zurfin, ya sake dannawa. Barcin dare na wata uku ba ya cin auduga haka.

"Mai katifar nan yana barci," ya ce a hankali, kamar akwai mai kawo gyara a tsaye a kansa. "Dare yana nan, rana ma yana nan. Ba shi da inda za shi."

Ya ji takun Auta a tsakar gida. Ya yi sauri ya dafa gado ya miƙe, ya koma kujerarsa, ya gyara bututun a hanci. Da ta shigo da zani a hannu ta same shi yana kallon bangon maƙwabta, ta tambaye shi ya jiki, ya ce da sauƙi.